Ranar da Motar Baba Ta Ƙi Tafasa

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa da rahama, ya bar mana gida ɗaya a Malali, da littattafan addini cike da adaka, da mota guda. Gida da littattafai ba su jawo magana ba. Malamin da ya zo rabon gado ya yi aikinsa, kowa ya karɓi abin da Allah Ya ba shi, aka shafa fatiha. Motar ce ta tsaya mana a maƙoshi.

Tsohuwar motar tsere ce ƙirar Ingila, koriya kamar ganyen mangwaro, mai kujera biyu kacal. Ba ta da rufi sai wata rumfar tamfol da ake ja idan hadari ya taso. Hancinta dogo ne, bayanta gajere, in ka zauna a ciki sai ka ga kamar ka miƙa hannu ka shafi kwalta. Baba ya saye ta tun yana akawu a ma'aikata, daga hannun wani Bature da ya gama aiki zai koma ƙasarsu. Mutanen unguwa suna ce mata kwalekwalen Alhaji, shi kuwa bai taɓa jin haushin sunan ba.

Duk zamanin da take hannunsa ban taɓa ganin ta tsaya a hanya ba. Sai da tsufa ya kama shi, idonsa ya yi rauni, kai ta gyara ya koma hannun yayanmu, sannan ta koyi wani hali. Da ta ɗan yi tafiya sai allurar zafi ta miƙe ta kwanta a kan ja, tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet, a tsaya ana neman ruwa gidajen mutane. Da abin ya ishi kowa, aka tura ta gindin mangwaron tsakar gida, aka lulluɓe ta da tsohon tamfol. Kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa.

Bayan rabon gado gidan ya faɗa hannun Yaya, shi kuma yana so ya fitar da shaguna ta wannan ɓangaren. Wata rana muna zaune a zaure da 'yan'uwanmu mata ya tayar da zancen.

"Auta," in ji shi. Ni ne ƙarami a ɗakinmu, kuma har yau da furfura ta cinye mini gemu haka yake kira na. "Wannan abar ba mota ba ce, gwangwani ce. Na yi magana da 'yan gwangwan, za su zo su yanka ta, a raba abin da ya samu, kowa ya huta."

Na ce, "Ba za a yanka ta ba, Yaya."

"To me za ka yi da ita? Shayi za ka riƙa dafawa? Don shi kaɗai ta iya."

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Na ce matuƙar ina numfashi ba mai sa wa motar Baba wuta ya yayyanka ta kamar ragon layya. Magana ta fara zafi, sai babbar yayarmu, wadda ko Yaya ba ya tsallake maganarta, ta ɗaga hannu. Ta ce in mota ce, ta nuna mota ce. Idan ta ɗauki Yaya daga ƙofar gidan nan ta kai shi gidana a Rigasa da ƙafafunta, ba a tsaya an ƙara mata ruwa ba, to su mata sun yafe mini rabonsu, shi ma ya yafe. Idan kuwa ta tafasa a hanya, in sa hannu da kaina a miƙa ta ga 'yan gwangwan.

Yaya ya yi murmushin mugunta. "Na yarda. Amma da bazara, kuma ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ba da asuba ba, lokacin da ko jaki ba ya gumi."

Na ce na yarda. A lokacin damina ke ja da baya, ina da sauran lokaci, kuma na riga na ajiye aikin gwamnati, ba abin da nake da shi kamar lokaci.

Makaniken da Yaya ya saba kai wa motar yana Rafin Guza, a wani fili kusa da masu walda. Bakano ne, ni kuwa asalinmu Zazzau, saboda haka tun gaisuwar farko muka ɗora wasan da kakanni suka bar mana. Ya zo gidan Malali ya sa mata sabon batir, ya wanke tankin mai da kafireto, ya canja baƙin mai. Da ya murɗa makulli ta yi tari, ta yi atishawa, sai ta kama da wannan gurnanin da na sani tun ina yaro. Na juya baya na yi kamar ina duba taya, don kada Bakano ya ga idona.

Daga Malali zuwa Rafin Guza ba wata tafiya ba ce, amma ba mu kai ba. Muna gangarawa allura ta tashi, tururi ya rufe gilashi. Wani mai Keke ya rage gudu ya leƙo.

"Baba, nawa ne kofi? A sa mini madara!"

Muka jira ta huce, muka lallaɓa muka ƙarasa.

A gareji Bakano ya goge hannu da tsumma ya ba ni shawararsa. Ya ce in cire wannan injin in jefar, ya samo mini ɗan ƙaramin injin Japan na Kwatano ya ɗora, in je Legas in dawo allura ba ta motsa ba.

Na ce, "In na cire injin, me ya rage? Kwano da fenti?"

"Malam, wa zai buɗe bonet ya duba? Yayanka cewa ya yi ta kai shi Rigasa."

"Ni zan sani. Kuma Allah Ya sani."

"Taurin kan Zagezagi ke nan. Ku dai in kun kafe, ko tirela ba ta ja ku."

"Ku kuma Kanawa ko gaisuwa aka yi muku sai kun nemi abin da za ku sayar wa mutum."

Ya yi dariya, ya ce to mu bi ta hanya mai nisa.

Muka fara da lagireto, wato tukunyar da ke gaban inji, mai siraran bututu, inda iska ke shanye zafin ruwa. Kafin a kwance komai na samo farin salatif na liƙa a jikin kowane tiyo, na rubuta inda ya fito da inda ya nufa. Ni da ajami na fara karatu a makarantar allo kafin a kai ni boko, kuma har gobe in abu nawa ne na kaina, hannuna daga dama yake farawa. Bakano ya leƙo ya ga rubutun.

"Ashe layu za ka ɗaura mata? Ai da ka faɗa tun farko, da ban ɓata hannuna ba."

Mai gyaran lagireto ya narke dalma ya buɗe saman tukunyar. Abin da muka gani ya sa na yi salati. Bututun sun toshe da wani farin dutse haɗe da jar tsatsa, kamar cikin tsohuwar butar shayi. Ruwan rijiya ne ya yi wannan aikin. Duk inda motar ta tafasa a shekarun nan, ruwan da aka samu a gidan kusa shi ake ɗura mata, ya ƙone ya bar gishirinsa a ciki. Mutumin ya zauna da siririn ƙarfe yana zura wa bututu ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina gefe a kan benci da tazbahata. A nan na tuna da wata randa da Baba yake ajiyewa bayan ɗaki, wadda ba a yarda kowa ya sha ruwanta ba. Ruwan sama yake tarawa a ciki, kuma na motar ne kaɗai. Da na koma gida na kafa robobi a tsakar gida na tari ruwan ƙarshen damina, na tace da ƙyalle, na rufe a jarkoki.

Muka canja tiyo duka, muka sa sabon fambel, muka duba famfon da ke tura ruwa muka ga lafiyarsa ƙalau. Muka sa wa lagireto sabon murfi mai ƙarfin riƙe numfashi. Na zuba ruwan samana haɗe da koren ruwan nan na hana tsatsa. Muka fita gwaji ta hanyar Kawo. A kan buɗaɗɗen titi ta yi lafiya. Da muka shiga cunkoso, ba a jima ba allura ta kama hanyarta ta da.

Bakano ya ce, "Na faɗa maka. Motar ƙasar sanyi ce. Ko ni aka kai ni ƙasarsu ai sai na yi rashin lafiya."

"Shekara da shekaru tana hannun Baba a garin nan, ranar garin nan ce take dukanta, ba ta tafasa ba. Wani abu dai aka canja."

Na sa shi ya kwance ɗan ƙoƙon ƙarfen da ke saman inji, inda babban tiyo ke fita zuwa lagireto. Ya kwance. Ciki wayam.

Na ce, "Ina tamostat?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ina cibiyarsa ta jarirai. "Ai ni na cire shi da hannuna, tun zuwan farko da yayanka ya kawo ta. Wace mota ce ke yawo da tamostat a Kaduna? Abin Turawa ne, don ƙanƙara aka yi shi. Mu nan tare ruwa kawai yake yi. Tambayi duk makaniken da ke layin nan."

Ba ƙarya ya yi ba. Al'ada ce a garejojinmu, mota na shigowa daga waje abu na farko da ake yi mata shi ne a zare wannan ɗan abin a jefar, kamar yadda ake yi wa jariri askin suna. Ba mai tambayar dalili. Uban gida ya yi, yaronsa ya gani, shi ma ya buɗe garejinsa ya ci gaba. Masu walda da mai faci da wani direba da ke jiran motarsa duk suka taso suka goyi bayansa. Direban ya ce shi tun da yake tuƙi bai taɓa barin wannan shaiɗanin a injinsa ba.

Ni kuwa wani abu ne ya faɗo mini a rai. Ina saurayi, wata ranar Asabar, na tarar da Baba a tsugune a madafi, wurin da ba ya shiga. Ya ɗora ƙaramar tukunyar Inna a wuta, ya ɗaure wani abu na tagulla da zare ya zura a ruwa yana kallo. Inna tana tsaye a bakin ƙofa tana cewa, "Alhaji, tukunyar miyata ce fa." Ya yafito ni ya ce in duba. Da ruwan ya ɗauki zafi sai abin ya buɗe baki a hankali, wani zobe da ke jikinsa kuma ya zame ya sauya wuri. Baba ya nuna mini zoben da tsinke. Ya ce a cikin injin nan ruwa yana da hanya biyu. Akwai gajera, wadda yake zagayawa ya koma cikin inji nan take. Akwai doguwa, wadda ke bi ta lagireto ya sha iska. Da safe, inji da sanyi, abin nan yana tsare doguwar don inji ya yi saurin ɗumi. In zafi ya kai, sai ya buɗe doguwar, zoben kuma ya toshe gajerar. Ya ce, "Ruwa kamar ɗan Adam yake. In ka bar masa hanya biyu a buɗe, mai sauƙin zai bi."

Na maimaita wa Bakano wannan bayani. Na ce ban san sauran motoci ba, ba kuma zan yi masa gardama a kansu ba. Amma wannan, ranar da ya cire mata abin nan, ranar ya buɗe wa ruwa gajerar hanya. Rabinsa yana ta zagaye a cikin wuta, bai taɓa ganin lagireto ba.

"Malam, wa'azi ne wannan ko kanikanci?"

"Ka nemo mini shi."

"In na mayar da shi ta ƙone gasket, inji ya lalace, kada ka ce ni ne."

"In ta ƙone, motata ce ta ƙone."

Ya yi tsaki, ya shiga rumfarsa ya jawo wani tsohon bokitin fenti ya kifar a gabana. Tamostat ne fal, na shekaru, duk waɗanda ya raba da motocin mutane. Ya ce in zaɓi wanda ya yi mini, kyauta, in na so in haɗa da na sadaka. Na naɗe hannun riga na tsuguna ina tonawa, jama'a na kallo suna dariya. Yawancinsu ƙanana ne na motocin zamani, ba mai zobe. Can ƙasa, cikin baƙin mai da ƙasa, hannuna ya taɓo wani mai nauyi. Na goge shi da bakin tsumma. Tagulla ne, da zobensa.

Da na isa gida na tarar Hajiya, uwargidana, ta fita unguwa. Na ɗauki ƙaramar tukunya na ɗora a kan gas, na ɗaure abin da zare. Ruwa ya fara motsi ke nan ta dawo.

"Malam, me nake gani? Tukunyar miyata ce fa."

Na ɗago na dube ta. Ta ga fuskata, ta ajiye mayafi ta matso. Muka tsura wa tukunya ido mu biyu. Ruwa ya yi zafi, ya fara ƙananan ƙwayaye, abin nan shiru. Na ce a raina shekaru sun kashe shi. Ina shirin kashe wuta sai ya motsa, ya buɗe baki sannu a hankali kamar mai tashi daga barci, zoben ya zame. Na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi. Hajiya ta ce, "To madalla. Tukunyar kuma ta zama taka, ni ba zan ci miyar baƙin mai ba."

Muka mayar da tamostat ɗin cikin inji. Sauran abu biyu. Na tuna a da akwai wani kwano da ya kewaye fanka, yana tilasta wa iska ta biyo ta cikin lagireto maimakon ta zille ta gefe. Ba wanda ya san inda ya shiga. Na yanka kwali daidai wurin, na kai Panteka, wani maƙeri ya buga mini irinsa da fallen ƙarfe. Na biyun kuwa, a nan Bakano ya ci ni. Ya ce fankar da inji ke juyawa ba ta da ƙarfi in mota na tsaye, kuma Kadunar da Baba ya yi tuƙi a cikinta ba ita ce ta yau ba, lokacin ba Keke, ba wannan tururuwar motoci. Ya ce in bari ya ɗaura ƙaramar fankar lantarki a gaban lagireto. Na yi kwanaki ina juya maganar. Daga baya na ga ba cire wani abu na Baba zan yi ba, ƙari ne. Na yarda, da sharaɗin ba zai haɗa ta kai tsaye ta riƙa juyawa dare da rana kamar yadda suka saba ba. Ya sa mata maɓalli a ƙarƙashin sitiyari. Na liƙa salatif a kai na rubuta iska da ajami.

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo da ƙarfinta, irin wadda mutum ke yin wanka ya fito yana gumi. Ranar Juma'ar da aka sa, bayan an sauko masallaci, na tsayar da motar a ƙofar gidan Malali. 'Yan'uwa mata suna leƙe daga zaure. Yaya ya fito da babbar riga, riƙe da jarka cike da ruwa.

Na ce, "Wannan fa?"

"Guzuri. Ba na son in je ina roƙon ruwa gidan mutane da girmana."

Ya naɗe rigarsa ya sauka cikin kujera da ƙyar, gwiwoyinsa sun kusa taɓa gemunsa, ya rungume jarkar a cinya. Na yi bisimilla na tayar.

Har Unguwar Sarki allura tana tsakiya, ba ta ko girgiza ba. Yaya yana satar kallonta, ni ina yin kamar ban gani ba. Muka bi ta Kurmin Mashi muka hau baifas, iska tana kaɗa mana huluna, yara a bakin titi suna ɗaga hannu. Da muka doshi Bakin Ruwa, inda ake karyawa a shiga Rigasa, sai muka tarar da abin da Yaya ya zaɓi ranar dominsa. Wata tirela ta lalace a tsakiyar mahaɗa, masu dawowa daga masallaci da 'yan Keke da masu babura sun cushe ta ko'ina, kowa ya sa kai ba mai ja da baya. Muka tsaya cak. Gabanmu wata babbar mota tana huro mana hayaƙi mai zafi daidai hancin motar, rana kuma tana dukan tsakar kanmu, ba rufi.

Allura ta fara tafiya. Ta bar tsakiya, ta ɗan jingina dama.

"Auta, kashe ta ta huta."

"In na kashe, ruwa ya daina zagayawa, zafin ya taru wuri guda. Ba zan kashe ba."

Na miƙa hannu na danna maɓallin iska. Fanka ta kama da ƙara. Na ɗan taka totur kaɗan don famfo ya ƙara tura ruwa. Allura ta ƙara matsawa. Tsakaninta da ja bai fi kaurin tsinken tsintsiya biyu ba. Gumi yana bin bayana, bakina yana ta hasbunallahu. Wani mai sayar da ruwan leda ya zo ya tsaya a kanmu.

"Alhaji, na sha ko na mota?"

Yaya bai kula shi ba. Idonsa ba ya kan allura ma. Yana shafa fatar kujerar da yake zaune a kai, inda ta tsattsage saboda tsufa.

Ya ce, "Ka san sau nawa na shiga motar nan Baba yana tuƙi?"

Na ce ban sani ba.

"Ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Kujera biyu ce. Kullum kai ne a nan, wai kai ne ƙarami. Ni aikina in buɗe muku ƙofar gida ku fita, in rufe."

 Shekarun nan duka ina ganin shaguna ne suka dame shi. Fanka tana ta kuka, masu hon suna ta yi.

Da na sake duba allura, tana nan inda na bar ta. Ba ta ci gaba ba. Na ƙura mata ido har idona ya yi ruwa, sai na ga ta ja baya kaɗan, kamar mai jin kunya. Ta ƙara ja. Har yanzu muna tsaye, rana ba ta rage komai ba, hayaƙin gabanmu bai daina ba, amma allura tana komawa gida.

Na ce, "Yaya, duba."

"Na gani. Ba makaho ba ne ni. Ai ba mu isa ba tukuna."

Muka daɗe a wurin kafin wasu matasa su buɗe hanya ta gefe. Muka kutsa cikin Rigasa, layi bayan layi, muna tafiyar hawainiya a bayan masu baro da 'yan talla. Sau biyu allura ta sake yunƙurawa, sau biyu ta koma. Muna shan kwanar layinmu ladan ya kira la'asar.

Na tsaya a ƙofar gida, na bar ta tana aiki kaɗan kafin in kashe. Yaya bai fito ba. Ya ce in buɗe bonet. Na buɗe. Ya taso ya leƙa, ya duba ƙasa ko akwai ɗigo, ya kasa kunne ko zai ji tafasa. Ba komai sai 'yar ƙarar ƙarfe yana hucewa. Ya karanta rubutun da ke jikin tiyo ɗaya, ya gyaɗa kai.

"Hannunka irin na Baba ne," in ji shi. Ban sani ba ko rubutun yake nufi ko gyaran, ban kuma tambaya ba.

Hajiya ta leƙo ta gaishe shi, ta ce a yi haƙuri, tun safe famfo bai kawo ruwa ba, mai ruwa kuma bai biyo ba, bari ta aika maƙwabta a samo na alwala. Yaya ya dubi jarkar da ke hannunsa, wadda ya rungumo tun daga Malali, ko murfinta ba a taɓa ba.

Ya ce, "Bar shi, Hajiya. Kawo butoci."

Muka tsuguna a gefen motar muka yi alwala da ruwan. Ya yi ɗumi saboda rana. Da muka miƙe za mu masallaci ya ce, ba tare da ya dube ni ba, 'yan gwangwan sun yi asara, shi kuma ba zai hau Keke ya koma Malali ba alhali ga motar ubansa.

Na ce, "In mun idar sai in mayar da kai."

"Wa ya ce kai za ka tuƙa? Ba ni makullin."

Na ba shi. Na ce amma in mun shiga cunkoso, maɓallin iska yana ƙarƙashin sitiyari ta dama, kuma kada ya kashe ta.

"Auta," ya ce, yana zura makullin a aljihu, "na iya karatu."